Yanƙwanannen zaitun na Maroko, daga Fas har kicin ɗina

Mu dai ziyara ce ta kai mu Maroko, ni da Gwaggona. Ita ce ta daɗe da burin zuwa Fas ta ga zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da idonta, da Allah ya hore 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗin jirgi sai aka ce ba za ta tafi ita kaɗai ba ga ciwon ƙafa ga hawan jini, aka duba aka ga ni ce mai fasfo a hannu kuma ina ɗan taɓa Larabcin islamiyya, shikenan aka ce in shirya. Cikin wata 'yar tawaga muka bi, yawancinsu dattawa ne 'yan ɗariƙa daga Kano da Zariya. Daga Legas muka tashi muka sauka Kasabalanka, kuma abin da ya fara burge ni shi ne jirgin ƙasa a cikin filin jirgin yake, ka fito da akwatinka ka sauka ƙasa ka hau, ya kai ka babbar tasha a cikin gari ka canza wani zuwa Fas, tafiyar kusan awa huɗu, ana bi ta Rabat da Kenitra da Maknas.

A watan Disamba ne, kuma wallahi sanyin garin nan ba irin hunturunmu ba ne, su a lokacin sanyi ne ma ake musu ruwan sama, ga sanyi ga danshi ya shiga ƙashi. Tun da muka wuce Kenitra muka nausa gabas nake ganin wasu bishiyu gajeru a jere layi-layi sun rufe tudu da kwari, ganyensu siriri, in iska ta kaɗa sai ka ga cikinsa fari-fari. Wani yaro ɗalibi ɗan Damagaram da yake karatu a Fas, shi aka haɗa mu da shi ya zo ya tarye mu, yace Hajiya ai zaitun ne wannan duka, kuma yanzu ne kakarsa. Gwaggo ta matso jikin taga tana ta salati, tace yau ga bishiyar da Allah ya rantse da ita a Wattini. Yace yankin Fas da Maknas shi ne kan gaba wajen noman zaitun a duk ƙasar, kuma kusan duk iri ɗaya ne suke shukawa, wanda Faransawa ke kira fisholin na Maroko, shi ake matsa a yi mai, shi kuma ake gyarawa a ci.

To mu kun san yadda muka san zaitun. 'Yar kwalba ce a shagon magungunan Musulunci, kusa da habbatus sauda da zuma, a yi tofi a ciki a shafa wa yaro mai firgita ko a ɗiga a kunne. Ni ban taɓa ɗaukar sa a abinci ba, balle a ce 'ya'yan ake ci safe da yamma a gidan mai kuɗi da gidan talaka. Na gwangwani da na taɓa ci a kan fiza a Abuja kuwa ban ji komai a bakina ba, roba-roba ne kawai.

Masaukinmu a cikin tsohon garin Fas yake, ba nisa da zawiyar, wani gida ne na gargajiya mai tsakar gida a rufe da ɗakuna sama da ƙasa, wata mata ce da 'yarta suke kula da shi. Mota ba ta shiga cikin garin nan ko kaɗan, lungunan sun yi ƙanƙanta, alfadarai da jakuna da 'yan kura ne ke ɗaukar kaya, kana tafiya sai ka ji an ce "balak balak" a bayanka ka yi maza ka manne da bango. Gwaggo da ƙafarta kam ta sha fama da hawa da sauka amma ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Zawiyar kanta ba zan iya kwatanta ta yadda ya kamata ba, hasumiya mai koren tayil, ciki ga kabarin Shehu wanda ya rasu a 1815, ga 'yan Senegal da 'yan Mali da mutanenmu ana ta wazifa, ranar Juma'a da yamma kuwa wajen zikiri ko wurin sa ƙafa sai da ƙyar. Gwaggo ta yi kuka ta gode Allah. Wannan labarin nata ne, ita za ta ba da shi da bakinta, ni nawa na abin da aka ajiye mana a faranti ne.

Safiyar farko matar gidan ta kawo karin kumallo: burodi zagayayye mai zafi wanda yaro ya karɓo daga tandar unguwa, domin a gida suke kwaɓawa su aika a gasa, sai man zaitun a ɗan kwano, zuma, shayi mai na'a-na'a da sukari har ya so ya yi yawa, sai wani ɗan faranti na baƙaƙen abubuwa yanƙwanannu suna ƙyalli. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta juya tace ke 'yar nan atili ne wannan? Kuma da gaske in ka san atilin Jos da aka jiƙa a ruwan ɗumi za ka ga kamar, har maiƙon da ƙwallon a tsakiya, sai dai shi wannan ya fi ƙanƙanta, fatarsa duk ta tattare, kuma ɗanɗanon ya sha bamban. Da farko gishiri ne zai bugi harshenka, ka ɗan tauna sai maiƙo ya biyo, sai wani ɗan ɗaci-ɗaci a can ƙarshe wanda ba ya damunka, ya bar maka ƙamshi a baki. Shi kaɗai ya yi ƙarfi. Amma ka yagi burodi ka dangwala a mai ka haɗa da guda ɗaya ka kora da shayin nan mai zaƙi, kai jama'a. Na cinye nawa na janye na Gwaggo da hujjar hawan jininta, ta harare ni tace to likita.

Matar gidan ita ta yi mini bayanin yadda ake yin sa, da Larabcinsu da yake haɗiye rabin harufa da hannu da kuma taimakon 'yarta. Tace sai zaitun ya nuna sosai a bishiya ya yi baƙi da kansa, daga Nuwamba zuwa Janairu, sannan a tsince a wanke a zuba a kwando ko buhu, a zuba zaitun a zuba gishiri mai tsakuwa, a zuba zaitun a zuba gishiri, a ɗora dutse a kai a ajiye inda ruwan zai tsiyaye. Wani baƙin ruwa mai ɗaci ne zai dinga ɗiga, bayan 'yan kwanaki a girgiza a juya, haka har wata guda ko fiye, shi ya sa yake yanƙwanewa tunda gishirin ya zuƙe ruwan jikinsa ya tafi da yawancin ɗacin. Daga nan a ɗauraye a shanya ya sha iska, sai a murje shi da man zaitun, wasu su sa za'atar, wani ganye mai ƙamshi, wasu tafarnuwa wasu ba komai. Wato gishiri ne yake yin aikin duka, man daga baya yake zuwa don ya yi laushi ya yi ƙyalli kuma ya daɗe bai bushe ba. Tace mahaifiyarta a ƙauye har yanzu da hannunta take yi kowace shekara, ita kam a kasuwa take saye.

Daga ranar na fara lura, ashe ko'ina yana nan. Wajen Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin tayil, akwai masu sayar da bisara da sassafe, wani faten wake ne mai santsi da ake kwarara masa man zaitun a barbaɗa wani kayan ƙamshi da suke kira kamun da barkono, leburori da masu dako a zaune suna sha da burodi, wasu da ɗan ƙullin zaitun ɗinsu a gefe. Mai shago da rana ya buɗe burodi ya tura zaitun da ɗan kifin gwangwani ya ci a tsaye. A gidan abinci kafin a kawo abin da ka yi oda sai an fara ajiye maka shi a ɗan kwano. Abin da muke ɗiga wa a kunne da cokali su shi ne abincin mai ƙaramin ƙarfi, duk da ɗan Damagaram yace a lokacin su ma kuka suke, fari ya jera musu shekaru, man zaitun ya yi tsadar da ba su saba gani ba har litarsa ta kai dirhami 100, gwamnati ma ta taƙaita fitar da shi waje a 2023 don farashin ya sauka.

Ranar da dattawa suka ce hutawa za su yi sai muka ɗauki jirgin ƙasa mu kaɗan muka tafi Maknas, bai kai awa ɗaya ba daga Fas. Garin Sarki Maulaya Isma'il ne wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ga ganuwa ga ƙatuwar ƙofar nan Bab Mansur, gabanta wani fili da ake kira Hadim, a gefen filin kuma kasuwa ce mai rufi. To nan ne na ga zaitun. Ba zubawa suke yi kawai a roba ba, gina shi suke yi, kowane kala a tsibe shi ya yi tsini sama, a yi masa ado da lemon tsami da aka jiƙa a gishiri da jan barkono, fitila na haskawa. Ga kore da aka fasa da dutse wanda suke sa wa a tajin na kaza, wani girkinsu na tukunyar ƙasa, ga ja-ja mai ruwan hoda da aka tsattsaga da wuƙa, ga wanda aka cakuɗa da yajinsu harisa, ga mai tafarnuwa da ganye, sai baƙin nan namu a can gefe, shi ba a cikin ruwa yake ba, a bushe yake yana ƙyalli.

Mai rumfar da muka tsaya wajensa dattijo ne da hular ulu da jallabiya mai hula, yana ganina yace marhaba Hajja, ya miƙo ludayi mai huji da zaitun a ciki yace in ɗanɗana. A can ɗanɗanawa ba roƙo ba ne, ka'ida ce, ba wanda yake saye bai sa a baki ba. Baƙin ma kala uku ne a gabansa kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Na nuna mai arahar, ya girgiza kai ya ɗauki guda ya matse tsakanin yatsu biyu ya nuna mini, fata ce da ƙwallo kawai, ba tsoka, gishiri har ya fito fari a jiki. Ya ɗauki na tsakiya ya matse, ƙwallon ya sulluɓo da kansa ya bar tsoka mai kauri, cikinta ba baƙi ƙirin ba, ruwan ƙasa-ƙasa ne mai duhu. Ya kai hancina yace in shinshina. Ɗan Damagaram ya fassara mini cewa wai abu uku ake dubawa, tsoka da ƙamshi da gishiri, in ka ji warin tsohon mai ko ka ga farin fumfuna a cikin tattarar fatar ka wuce ko nawa aka rage maka, in kuma gishiri ne kaɗai kake ji har ƙarshe to an cika shi ne don a ɓoye wani abu. Yace kuma in lura da mai ƙyalli fiye da kima, wasu man girki na gwangwani suke shafawa ba man zaitun ba, ido zai so amma baki zai gane.

Na tambaye shi to shi baƙin gwangwani da ake kawo mana fa, mai santsi da huji a tsakiya? Dattijon ya yi dariya ya kaɗa hannu. Daga baya ne ɗalibin ya warware mini, yace wancan koren zaitun ne ɗanye ake jiƙawa a sinadari a hura masa iska har ya yi baƙi, sannan a sa wani sinadarin ƙarfe ya riƙe kalar, in ka duba jikin gwangwanin sau da yawa za ka ga an rubuta E579. Ba wai guba ba ne, ana ci lafiya, amma bai nuna a bishiya ba, shi ya sa ba shi da ɗanɗano. Nan na gane dalilin da na fiza bai ce mini komai ba.

Ciniki a wajen zaitun ba irin na masu darduma da jakar fata ba ne da za a faɗa maka kuɗi ninki uku, farashin kilo a rubuce yake a ɗan allo an soke a kan tsibin, sai dai in ka sayi da yawa ya yi maka gyara. Ni kilo uku na ce, biyu zalla ɗaya mai za'atar. Kuma ga inda yanƙwanannen ya fi sauran daɗin sha'ani ga matafiyi: ba ruwa a cikinsa. Koren sai da ruwan gishirinsa, ka sa a akwati ya fashe ya jiƙa maka kaya, shi kuwa wannan akwai inji a kasuwar da ake zuƙe iskar leda a liƙe, ya dawo tamau, ka jefa cikin akwatin da za a auna ka manta da shi. Na sa aka raba mini rabin kilo rabin kilo don kar in buɗe duka lokaci ɗaya, wannan dabarar matar masaukinmu ce ta ba ni. Na ƙara da kwalbar lemon tsamin gishiri guda, wadda ita kam sai da na naɗe ta da zani biyu.

Daga Maknas muka shiga tasi irin ta haɗaka zuwa Maulaya Idris, wani farin gari a kan dutse kimanin kilomita 30, inda kabarin Idris na farko yake, jikan gidan Manzon Allah da ya kafa daular Idrisawa. Ƙasa da garin kaɗan akwai kangon wani birni na Rumawa, Walili. Ni tsofaffin duwatsu ba su cika ɗaɗa ni da ƙasa ba gaskiya, amma mai zagayawa da mu ya nuna mana wuraren matsar man zaitun a cikin gidajen, sun fi hamsin a garin, da dutsen niƙa da magudanar da man ke bi ya taru a rami, kusan shekara dubu biyu ke nan, kuma ka ɗaga kai ka ga gonakin zaitun sun kewaye wajen har yau. A hanya mun ga masu girbi, an shimfiɗa tamfol a gindin bishiya maza na kaɗawa da dogayen sanduna mata na tsincewa. Ɗan Damagaram, shaƙiyyin yaro, ya roƙi guda ɗaya baƙi sumul daga hannun wata mata ya miƙa wa wani Alhaji ɗan Zariya da ke cikinmu yace Baba ga sabo daga bishiya a ci don tabarruki. Alhaji ya yi bismilla ya jefa a baki. Wallahi fuskar bawan Allahn nan ba zan manta ba, ya tofar ya dinga kakari yana neman ruwa yana cewa kai yaro Allah ya shirye ka, matan nan suna ta dariya har da riƙe ciki. Ɗanyen zaitun ko ya nuna ba ya ciyuwa, ɗacinsa har maƙogwaro, dole sai an gyara shi.

Wani abu da na lura a girkinsu, baƙin ba kasafai suke dafa shi ba. Tajin na kaza da lemon gishiri kore ko ja ake sa masa. Baƙin na kan tebur ne, ko a salak. Akwai wanda matar gidan ta yi mana da daddare da na ɗauka wasa take, lemon zaƙi ta ɓare ta yanka zagaye-zagaye, ta watsa baƙin zaitun da ta cire wa ƙwallo, ɗan man zaitun, ɗan jan barkono da kamun, shikenan. Zaƙi da gishiri da ɗaci a cokali ɗaya, Gwaggo tace ita kam ba za ta ci lemo da barkono ba tana da hankalinta, ni na share farantin.

Da muka dawo Kano na buɗe ledar farko na juye a kwalbar gilashi mai murfi na ƙara mai ya ɗan rufe shi. Maigida ya ɗauki ɗaya ya tauna da ƙarfinsa ya gamu da ƙwallo, ya riƙe haɓa yace wannan tsarabar ta fasa haƙori ce, tun daga ranar ba na kai shi gaban kowa sai na cire. Cirewar ba wuya, ka ɗora a faranti ka danna da gindin kofi ko gefen wuƙa, ƙwallon zai fito. Yara kam duk sun ƙi shi a haka, autata ta lasa ta yar. Sai na daina ba su shi a matsayin abin ci, na mayar da shi kayan haɗi, kuma a nan ne ya zauna a gidana.

Abin da na gane shi ne in ka yayyanka shi ƙanana ka sa a abinci aikin gishiri da dunƙule yake yi, har ya fi, domin yana da wani nauyi a baki da gishiri zalla ba shi da shi. Wainar ƙwai ita ce ta farko: albasa da tumatir da attaruhu a soya sama-sama, a watsa zaitun guda biyar ko shida yankakku, a fasa ƙwai, kar a sa gishiri ko kaɗan. Yaran da suka ƙi shi su ne suke cewa Umma yau ƙwan ya yi daɗi. Sai taliya, ranar da na gaji, tafarnuwa da tumatir da kifin gwangwani da zaitun, kafin taliyar ta dahu miyar ta haɗu. Sai dankalin Turawa dafaffe da ƙwai da albasa a yaryaɗa man cikin kwalbar, domin man nan da ya kwana da zaitun shi ma kada a zubar, ya ɗauki ɗanɗano. Gurasa kuwa, in na sayo bandashe sai in ce a rage ƙuli in zo gida in watsa masa da tumatir da kokwamba, wannan kam ko baƙi na sa wa a gaba sai sun tambaya.

Inda ya fi ba ni mamaki kwaɗon zogale ne. Zogale da ɗan ɗacinsa, ƙuli da maiƙonsa, na yi zaton za su yi faɗa, ashe sun dace, sai dai kaɗan ake sawa kuma a rage gishirin ƙulin. A kan wake da shinkafa da mai da yaji ma ya shiga. Amma miyar kuka da kuɓewa ba wurinsa ba ne, shi da daddawa kowa so yake a ji shi, in suka haɗu a tukunya ɗaya ba a jin kowa. Kuma ko a jar miya kar a sa shi tun farko, in ya daɗe a wuta ɗacinsa yana fita ya shiga miyar ya kuma dusashe mata kala, sai an kusa saukewa da minti biyar. A dafa-duka bayan na sauke nake watsawa in rufe tukunyar ya sha tururi.

Maganar gishiri ba wasa ba ce, yana da shi sosai, mai hawan jini ya yi hattara. Gwaggo tunda ta ji ana yabon ƙwan sai tace ita ma a kai mata nata kason ai tare aka je. Abin da nake mata shi ne in jiƙa guda huɗu a ruwan ɗumi kamar minti goma sha biyar in tsane in sake shafa musu mai, gishirin yana raguwa sosai, kuma ranar da za ta ci to ba dunƙule a abincinta. 'Yarta nas ce, ita ta yarda da hakan, ba ni na yanke ba.

Ajiya ita ce 'yar matsalar a garinmu. Lokacin sanyi a kan kanta na bar kwalbar ba abin da ya same ta. Da zafi ya shigo na mayar firji, man ya daskare ya yi fari-fari, ba lalacewa ba ce, in ka fito da shi ya ɗan zauna zai narke. Cokali busasshe kawai ake sawa, ba hannu ba, ba cokalin da aka juya miya ba, kuma duk wanda ya leƙo saman mai shi ne yake fara yin fumfuna, don haka a dinga danna shi ƙasa ana ƙara mai. Ledojin da ban buɗe ba suna can ƙasan kabad inda rana ba ta kaiwa, lafiyarsu ƙalau.

Na zaga manyan kantuna a nan ko zan samu irinsa, yawanci na gwangwani ne mai santsin nan ko kore a kwalba, wani shagon 'yan Lebanon ne kawai na taɓa ganin mai kama da shi kuma kuɗin ƙaramar roba ya isa cefanen kwana biyu. Don haka yanzu duk wanda na ji zai je ziyara Fas sai na bi shi da saƙo, maƙociyarmu ma da za ta tafi da Maulidi na riga na kai mata kuɗina na kuma tura mata hoto a WhatsApp don kar a yi mata canji: baƙi, yanƙwananne, mai ƙwallonsa a ciki ba cirarre ba, ta ɗanɗana kafin a auna, a liƙe a ledar inji rabin kilo rabin kilo. Tace in akwatinta ya yi nauyi a filin jirgi nawa za ta fara fitarwa, nace na ji, ta dai fara saya tukuna.